Koya wa ƙaramin yaro ƙirga da hidimar Sallah

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ɗana yana da shekara huɗu, yana nazare. Yana jero lambobi daga 1 har 20 da Turanci ba ya ko tuntuɓe, amma in na ce ya miƙo mini cokali uku sai ya ɗebo cike da hannu. Ga hutun Sallah ya matso, zai yini a gida. Ta yaya zan yi amfani da hidimar Sallah in koya masa ƙirga ta gaske?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, ɗanki lafiyarsa ƙalau, kuma abin da kika gani haka yake ga da yawa daga cikin sa'o'insa. Jero sunayen lambobi daban, ƙirga daban. Abin da ya iya yanzu hadda ce, kamar yaron da ya haddace gajerun surori tun bai san baƙi da wasali ba. Haddar tana da amfani, ita ce tubalin farko, amma har yanzu bai gane cewa kalmar "uku" tana nufin wani adadi da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa ba.

Masana tunanin yara biyu a Amurka, Rochel Gelman da Randy Gallistel, sun fayyace a 1978 ƙa'idoji biyar da ƙirga ta ginu a kansu. Uku na farko su ne suka shafi ɗanki kai tsaye. Kowane abu kalma ɗaya yake samu, ba a tsallake shi ba a maimaita shi. Jerin kalmomin ba ya sauyawa, kullum huɗu ce ke bin uku. Sannan kalmar da aka tsaya a kanta ita ce jimillar abin duka. Wannan ta ukun ita ke ɗaukar lokaci. Wata mai bincike, Karen Wynn, ta bi diddigin yara 'yan shekara biyu zuwa uku a farkon shekarun 1990, ta ga cewa yaro yakan fara gane "ɗaya" ne kawai, bayan watanni ya gane "biyu", sai "uku", kafin daga baya abin ya buɗe masa gaba ɗaya. Tsakanin farkon tafiyar da ƙarshenta akan yi kusan shekara. Saboda haka kada ki sa rai hutun Sallah ɗaya zai gama aikin. Abin da zai iya yi shi ne ya ɗaga yaron taki ɗaya, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Kafin komai ki gano inda ya tsaya

Ki zuba dabino goma a faranti, ki ajiye wani farantin da babu komai a gefe. Ki ce, "Ba ni dabino ɗaya." In ya ba ki, ki mayar, ki ce biyu, sai uku, sai huɗu. Kada ki ce masa "ƙirga", kuma kada fuskarki ta nuna masa ya yi daidai ko bai yi ba, domin yara sun ƙware wajen karanta fuskar uwa, zai yi ta zubawa har sai ya ga kin yi murmushi. In ya gama ki tambaye shi, "Uku ne wannan?" Kowace lamba ki gwada ta sau uku a cakuɗe. In ya samu biyu cikin uku, ya san ta. Lambar da ya fara ɗibar-karan-mahaukaciya a kanta, nan ne filin aikinku. In ya san biyu bai san uku ba, to duk hidimar Sallar nan a kan uku za ku zauna, kuma tarin da za ki riƙa ba shi kada ya wuce biyar. Iyaye da yawa suna ganin wannan kamar koma-baya ne ga yaron da ya kai 20 da baki. Ba koma-baya ba ne, 20 ɗin ce ba ta da komai a ƙarƙashinta tukuna.

Ki yi duk wannan da Hausa. Harshen da yake neman abinci da shi, yake rigima da yayyensa da shi, a cikinsa ne kalma take da nauyi a kansa. Ƙirgar Hausa kuma tana da wani sauƙi bayan goma: goma sha ɗaya, goma sha biyu, yaro yana jin goman yana jin abin da aka ɗora mata, alhali a Turanci 11 da 12 sunaye ne sababbi fil da ba sa nuna masa komai. Ki riƙa faɗin "goma sha ɗaya" a cike, ba "sha ɗaya" kawai ba, kuma ki ajiye irin su "ashirin ba ɗaya" sai ya girma, domin ragi ne a ɓoye a ciki. 

Kiret ɗin ƙwai da kwanaki goma na Zulhijja

Kayan aikin da ya fi kowanne amfani ba saye za ki yi ba. Kiret ɗin ƙwai na kwali mai gurbi 30 layi shida ne, kowane layi gurbi biyar. Ki yanka shi layi biyu-biyu, za ki samu guda uku masu gurbi goma-goma. In yaron bai wuce uku ba tukuna, ki yanka masa layi ɗaya mai gurbi biyar. Ki tabbatar kiret ɗin busasshe ne, babu fasasshen ƙwai ko kashin kaji a jikinsa. Amfanin gurbi shi ne yana tilasta abu ɗaya wuri ɗaya, hannu ba zai iya yin gaba ya bar baki a baya ba. Doka ɗaya ce: a cika layin sama kafin a sauko ƙasa, kuma kullum daga ɓangare ɗaya ake farawa. Da haka idonsa zai saba cewa cikakken layi biyar ne, bakwai kuwa layi ne da biyu.

Babbar Sallah ta fi dacewa da wannan kiret ɗin, domin ranarta sananniya ce, 10 ga Zulhijja. Da zarar an sanar da ganin wata, a Najeriya daga fadar Sarkin Musulmi, ranar 1 ga wata da safe ki ba shi lemon tsami ɗaya ko murfin gora ya sa a gurbin farko. Kowace safiya ya ƙara ɗaya. Tambaya biyu kawai za ki yi masa: "Nawa muka sa?" da "Gurbi nawa ne babu komai?" Lissafin yana fita daidai: ranar farko gurbi tara ne fanko, Sallah kuma saura kwana tara. Ranar Arfa gurbi ɗaya ya rage, gobe Sallah. Yaro yana son ya san yaushe zai sa sabbin kayansa, don haka shi da kansa zai riƙa tashinki a yi ƙirgar, kuma ba tare da kin faɗa ba yana ganin yadda goma ke rabuwa: uku da bakwai, huɗu da shida, biyar da biyar. A ɗora kiret ɗin a sama bayan an gama, in ba haka ba zai cika shi duka a rana ɗaya don Sallah ta zo da wuri.

Ƙaramar Sallah tana da tarko. Za ki iya farawa ranar 21 ga Ramadan, amma watan yana iya tsayawa a 29, gurbi ɗaya ya rage fanko. Ki faɗa masa tun farko cewa gurbin ƙarshe na ganin wata ne, ana iya cika shi ana iya barinsa. Gidan da ke bikin Kirsimeti ba su da wannan matsala, sai su fara ranar 16 ga Disamba su cika ranar 25.

Rabon abinci ya fi kowane darasi

A nan nake so ki fi daɗewa, domin a nan ne ƙirga take da dalili a idon yaro. Ranar Sallah ana kai abinci maƙwabta. A ce gida huɗu za a kai. Ki jera kwanuka huɗu a tsakar gida, ki bar murafensu a ɗaki, murafen kuma su fi huɗu, a ce bakwai. Ki ce masa, "Je ka ɗauko murafe daidai waɗanda za su rufe kwanukan nan, kada su yi kaɗan kada su yi yawa, kuma zuwa ɗaya za ka yi." Dubi abin da ke cikin wannan aike. In kika ajiye murafe huɗu cif, ba ya buƙatar ƙirga, kwasowa kawai zai yi. In kika bar shi ya yi ta zirga-zirga, zai riƙa kawo ɗaya-ɗaya har su cika. In murafen suna kusa da kwanukan, da ido zai daidaita. Amma da nisa, da rara, da zuwa ɗaya, babu mafita sai ya ƙirga kwanukan, ya riƙe lambar a kansa, ya je ya ƙirgo murafe. Ranar da ya yi wannan da kansa ba ki tuna masa ba, ya shiga ƙirga ta gaske. In ya kawo ba daidai ba, ba sai kin ce komai ba, kwanon da ya zauna a buɗe shi zai gaya masa. Ki ce ya mayar da su duka ya sake. Haka za ki yi da cokula, da kofunan baƙi, da hulunan 'yan'uwansa maza.

Sai zuba abin da za a kai. Waina uku a kowane kwano, bayan ta huce. Cincin biyar a kowane ɗan faranti. Ya wanke hannu, kuma ki ciyar da shi kafin a fara, in ba haka ba darasin zai ƙare a cikinsa. In an gama sai ki ba shi nasa biyar, ki bar shi ya ci ɗaya, ki ce, "Saura nawa?" Ragi ke nan ya fara ba allo ba alli.

Yadda kike furta abin yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Yawancinmu mukan ce "ɗaya, biyu, uku" mu yi shiru, sai yaro ya ɗauka cewa "uku" sunan wainar ƙarshe ce. Ki fara da jimilla, ki ƙirga, ki koma kan jimilla: "Waina uku. Duba, ɗaya, biyu, uku. Uku ne duka." Lokacin da kike cewa "duka" ki zagaye su da yatsa.

Zakkar fidda-kai ma dama ce mai kyau. Da farko a ƙirga mutanen gida, kowane mutum a ajiye masa murfin gora ɗaya a kiret. Kusan kowane yaro sai ya manta da kansa, ya kuma manta da jaririn da ke goye, sai ki tambaye shi, "Kai fa, ina naka?" Sannan babba ya riƙa aunawa, tunda ibada ce ba a bar wa yaro awonta, mudun Annabi huɗu ga kowane mutum, yaron yana ƙirga da ƙarfi, ɗaya zuwa huɗu. In an cika huɗu sai ya cire murfin mutum ɗaya, a koma ɗaya. Wannan ya fi ƙirga dabino wuya, saboda hatsin da aka juye ya ɓace cikin sauran, ba ya iya komawa ya taɓa shi. In ya rikice, ya riƙa ɗaga yatsa ɗaya duk juyi ɗaya.

Da safiyar ƙaramar Sallah akwai sunnar cin dabino wutiri kafin a fita idi. Ɗan shekara biyar zai iya jera dabinonsa biyu-biyu ya ga ko ɗaya ya rasa aboki. Uku da biyar suna barin ɗaya, huɗu ba ta bari. Iyakar abin da yake buƙata ke nan a wannan shekarun.

Ragon layya kuwa, daga nesa. Ƙafa huɗu, ƙaho biyu. Tambayar da ta fi amfani ita ce, "Me kuma yake biyu a jikinsa?" Sai ya nemo kunne, ya nemo ido, ya gane cewa biyu biyu ce ko a kan me ta hau. Wajen rabon nama kada ya taɓa ɗanye, kada ya zauna kusa da wuƙaƙe. A bari sai an ƙulle ledoji, sannan ya ƙirga su ya daidaita da gidajen da za a kai.

Abu biyu da suke kama da darasi amma ba su ba ne

Kuɗin barka da Sallah na farko. Takardar naira 500 a idonsa abu ɗaya ce, takardun naira 20 guda biyar kuma abu biyar ne, don haka biyar ɗin sun fi yawa, kuma a ƙa'idar ƙirgar da kike koya masa gaskiyarsa ne. In kika shigo da daraja yanzu, kin rushe abin da kike ginawa. In dole sai an ƙirga, ki ware takardu iri ɗaya ki ce "takarda nawa", kada ki ce "naira nawa". A Nijar abin ya fi haka rikitarwa, tunda da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa biyar, ƙwandalar da aka rubuta wa 100 sai a kira ta dala ashirin. Wannan sai ya shiga firamare.

Na biyu dawakin hawan Sallah. Suna tafiya, suna cakuɗuwa, ba ya iya taɓa su. Ki bar shi ya sha kallonsa.

Kurakuran da za ki gani da dalilinsu

Wanda ya fi yawa shi ne baki ya riga hannu: abu biyar ne amma ya kai takwas, saboda waƙar ta saba masa da gudu. Maganinsa motsarwa. Kada ya nuna da yatsa, ya ɗauki kowane abu ya ajiye a wani farantin ko a gurbi, sai abin ya sauka sannan ya faɗi lambar. Lamba mai gaɓa biyu ma tana jawo wannan, ya ce "ɗa" a kan na farko "ya" a kan na biyu. Ki riƙe hannunsa ku yi tare a hankali sau biyu ko uku.

Akwai maimaita abu ɗaya sau biyu ko tsallake wani, wanda yakan faru in kayan suna warwatse ko a zagaye kamar waina a tire. Ki jera masa su a layi da 'yar tazara tsakaninsu. Sai ya ƙware a layi sannan ki watsa su, ki koya masa tura wanda ya ƙirga gefe.

Akwai kuma wanda yake ƙirga daidai, amma da kin ce "To nawa ne?" sai ya sake farawa daga ɗaya. Wannan alama ce cewa bai gane kalmar ƙarshe ita ce amsa ba, a wurinsa "nawa" umarni ne na a rera. Bayan ya ƙirga ki kife kwano a kan kayan ki tambaya, "Nawa ne a ciki?" Tunda ba ya ganinsu, dole ya koma ga abin da ya faɗa. In ya yi shiru ki faɗa masa, ki buɗe ku duba tare.

In kika jera cincin biyar a matse da wasu biyar a baje, zai ce na bajen sun fi yawa ko da shi ya ƙirga su. Wannan ba taurin kai ba ne, yara kan kai shekara shida ko bakwai kafin su daina yarda da tsawon layi. Ki haɗa su biyu-biyu ya gani, ki wuce.

Duk cikin waɗannan, tsawa da "ba ka da kai ne?" ba abin da suke haifarwa sai yaro mai canka da kallon fuska. Dabarar da ta fi aiki ita ce ke ki yi kuskure da gangan, ki tsallake dabino ɗaya ko ki taɓa ɗaya sau biyu, ki ce ya kama ki. Yara suna gano kuskuren wani a adadin da su kansu ba su iya ƙirga shi daidai ba tukuna, kuma suna jin daɗin gyara babba. Yayyensa kuma, waɗanda za su riƙa jefo amsa kafin ya buɗe baki, ki ba su aikin dubawa bayan ya gama, da sharaɗin ba mai magana sai ya ce ya kammala.

Rubuta lambobi ki jinkirta shi. In yana so, ya zana a ƙasa da yatsa, kuma kowace lamba a ajiye mata kayanta a gefe. Juya 2 da 5 ko rikita 6 da 9 abu ne da aka saba gani har wajen shekara bakwai. In yana ganin lambobin Larabci a Islamiyya ki lura, biyar ɗinsu tana kama da sifilin boko, shidarsu kuma tana kama da 7, don haka kada ki haɗa masa iri biyun a zama ɗaya.

Tsawon zama minti biyar zuwa goma ya isa, sau ɗaya ko biyu a yini, kuma ki tsaya tun yana marmari. Safiyar idi da ake ta gaggawar wanka da shiri ba lokacinsa ba ne.

Maganar haɗari ba ta wasa ba ce, musamman in akwai ƙanensa mai rarrafe. Ki cire ƙwallon dabino kafin ki ba shi. Gyaɗa, wake, masara, duwatsun wuya da ƙwandala ba kayan ƙirgar ƙananan yara ba ne, suna shaƙe su, wake kuma yana shiga hanci ko kunne ya kumbura. Likitocin yara suna hana ba wanda bai kai shekara biyar ba gyaɗa guda-guda. Ga wanda bai kai uku ba, duk abin da zai iya wucewa ta cikin kwalin tsakiyar tishu ya yi masa ƙanƙanta, har da murfin gora, sai a koma ga goruba, kofuna, cokula ko takalma. Fasasshen balan-balan a kwashe shi nan take. Kayan wasan Sallah masu walƙiya, irin su agogo da tabarau na roba, da yawansu suna da ɗan ƙaramin batir mai kama da maɓalli, wanda in yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i, asibiti ake nufa kai tsaye ba a jira a gani.

In yaro ya cika shekara biyar, an yi watanni ana irin wannan aiki da shi amma har yanzu bai iya ba ki biyu daidai ba, ko kuma maganarsa gaba ɗaya tana baya da ta sa'o'insa, ki kai shi a duba jinsa da ganinsa tukuna, domin yaron da ba ya ji sosai yakan rikita kalmomi masu kama da juna kamar biyu da biyar. In waɗannan lafiya suke, ki nemi likitan yara ya duba yanayin girmansa, kuma ki sanar da malamarsa lambar da ya tsaya a kanta domin aikin aji ya tafi daidai da na gida.